Rigar Baƙon da Bai Iso Ba

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya Nazifa ta dawo gida shekaranjiya. Mijinta Hashim ne ya kawo ta daga Tibiri, ya gaida Baba a zaure, ya sha ruwa, ya juya tun kafin hadari ya haɗu. Goyon ciki ta zo, na fari, watansa bakwai da ɗan wani abu. A nan kaɗai zan iya rubuta wannan. A gidanmu ba mai faɗi. Inna cewa take "halin da take ciki". Baba kuma in ya ga ta taho sai ya mai da ido kan rediyonsa. Ita kanta Yaya ta lulluɓa da babban mayafi kamar mu duka makafi ne.

Ɗakinmu na da aka sa ta. Ta karɓe gadon, na koma katifa a ƙasa. Ban ji haushi ba, don ta zo da wayarta, kuma a ciki akwai gurup uku na littattafan soyayya. Ni ba ni da tawa, Baba ya ce sai na ci jarrabawar bepese.

Ɗazu ta leƙo ta ga na nutse a karatu.

"Zali, har yanzu kina nan da karatun ƙaryar nan?"

"Ke ma ai kina cikin gurup ɗin."

"Ni na shiga in ga yadda ake shirga ta. Ke kau kin ɗauka da jirgi mijinki zai zo ɗaukarki. Ina zai sauka? Bisa dutsen garin ga?"

Na rufe fuska da matashi, ta yi ta dariya har ta riƙe kwiɓinta. Na yi kewarta ashe.

Alhamis, 8 ga Agusta, da hantsi

A littafin da nake karantawa, tun cikin matar na wata biyar mijin ya cika ɗaki da kaya. Ƙaramin gado, riguna jere, har takalmin da bai kai tsawon yatsana ba. Mu kuwa ko tsumma ba a ajiye ba.

Tunda vakansi ake, ba makaranta, kullum da safe ni da Inna muna ƙarƙashin rumfa muna surfani. Ita zanen gado take yi wa wata madam, ni rigunan matasai masu fure. Yau na yi ƙarfin hali.

"Inna, in na ƙare wannan in yi wata ƴar ƙarama? Da ragowar yadin."

"Ta wa?"

Na kalli ƙofar ɗakinmu. Allurarta ta tsaya. Inna ba ta tsai da allura ko sallama ake yi.

"Ba a yi ma baƙon da bai iso ba shimfiɗa. Ko zare guda kar ki ja da sunanshi. Kin jiya?"

"To Inna, amma mutane yanzu..."

"Mutane ba ɗiyana ba ne."

Na san al'adar: sai an haihu lafiya sannan a ruga kasuwa. Matan ma'aikata da yawa sun bar ta. Amma muryar Inna ba ta al'ada kaɗai ba ce. Na taɓa jin Gwaggo ta ce akwai wani kafin Yaya Nazifa, kuma Inna ta yi masa ɗinki har akwati ya cika. Ban ji ƙarshen zancen ba, da suka gan ni suka koma maganar tsadar albasa.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan azahar

A wayar Yaya akwai gurup ɗin wata Madam Samira a Yamai, tana sai da kaya. Ta sa hoton wani seti: riga ruwan ƙwai mai ƴan agwagi, hula, safa, da tawul mai kunnuwa. Na buɗe hoton ya fi sau goma.

Asabar, 10 ga Agusta, da yamma

Na yi.

Yaya na barcin rana na rubuta wa Madam. Ta amsa nan take, wai kayan suna hanya, in sun iso mata za ta sa a kar, motar fasinja, mutanen tasha su kira wannan lambar. Na ce wa Inna zan je sayen zare, na biya ta ajans, wurin aika kuɗi, na aika kuɗin ɗinkin matasai da na tara. Da na dawo na goge saƙonnin duka.

Ga yadda na tsara. Wayar ai kusan kullum tana hannuna. In an kira ni zan ɗauka, in karɓo kolin kayan, in kai gidan ƙawata Ummuhani ta ɓoye. Ba zai kwana a gidanmu ba, ke nan ban yi shimfiɗa ba. Ranar da baƙon ya iso, kowa na rige-rigen kasuwa, sai in shigo da shi a hannu. Yaya za ta kalle ni, ta ce, "Zali, ke ce?" Na riga na ga fuskarta.

Tuwon hatsi da miyar kuɓewa ɗanya muka yi. Na ci har na ƙara.

Litinin, 12 ga Agusta, da safe

Silifas ɗin Yaya ba su shiga ƙafarta ba. Ta sa na Baba tana yawo da su a tsakar gida, tana kwaikwayon tafiyarsa. Ni na yi dariya. Inna ta danna mata ɗan yatsa a idon sawu, ramin ya daɗe bai cike ba. Ba ta yi dariya ba.

Kwana biyu ke nan da na yi abin. Ba ruwan wannan da wancan.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan azahar

Sun je awo a matarnite, asibitin haihuwa. Sajfam, wato ungozoma, ta auna jini ta ce tansiyo ya hau, ta ba da ƙwayoyi, ta hana gishiri da magi, ta ce a dawo da ita in kai ya yi ciwo. Yanzu tukunya biyu nake ɗorawa. Babba ta gida, ƙarama ta Yaya. A ƙaramar na zuba daddawa da yawa da albasa ko ɗanɗano zai fito, bai fito ba.

Ta kai loma ɗaya ta aje cokali.

"Wanga miya ce ko ruwan wanki?"

"Miya ce, Yaya."

"Ɗan ɗebo man gishiri kaɗan. Inna na bayan gida, ba ta gani."

"A'a."

"Ni na goye ki fa. Kin yi man fitsari a baya ya fi a ƙirga."

"Ko kashi na yi, a'a."

Ta zaro ido. "Ikon Allah. Zali ta yi baki." Ta cinye dai, tana ɓata fuska kamar mai shan maɗaci.

Zobenta na aure ya ƙi fita. Da sabulu muka cire shi, ya bar mata zane a yatsa.

Alhamis, 15 ga Agusta, la'asar

Ban karanta ko shafi ɗaya ba yau.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Na rubuta wa Madam na ce ta bari, na fasa, ba sai ta maido komai ba. Ta aiko da vokal, saƙon murya, na shiga madafa na sa a kunne. Muryarta cike da fara'a: kar in damu, kayana na cikin kwalin da ke tahowa, ruwan sama ne ya tsai da mota, ita ba ta cin haƙƙin kowa. Na sake rubutawa, ta aiko da hoton zuciya. Na goge.

Da muka zauna aiki Inna ta miƙo hannu ta karɓi matashina. Ba ta dubi furen ba, ta juya bayansa. Haka take yi, wai gaban ɗinki na mai saye ne, bayansa na mai allura. Nawa ya cukurkuɗe, ƙulli a kan ƙulli, yadin ya tattare saboda jan zaren da nake yi.

"Mi ke damunki?"

"Ba komi."

"Ba komi ba ya ɗaure zare haka. Warware daga ganyen nan."

Ta ɗauka tsoron ciwon Yaya ne. Har ta dafa mini kai. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 18 ga Agusta, da yamma

Hashim ya zo da ƙwan zabi cike da kwano. A littafi da ya durƙusa gabanta ya riƙe hannunta yana faɗin maganganu. Shi a bakin ƙofar ɗaki ya tsaya, yana juya makullin babur.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ana shan magani?"

"Ana sha."

Shi ke nan. Amma na ga idonsa ya sauka kan ƙafafunta, ya daɗe a can, makullin ya daina juyawa. Da zai tafi ya kira ni zaure, ya rubuta lambarsa a bayan ordonans, takardar magani, ya ce, "Ƙanwata, ko mi kika gani, ko ƙanƙane ne, ki kira ni." Bai san lambar da zan kira shi da ita tana da nata abin da take jira ba.

Bayan tafiyarsa Yaya ta ce kanta na sarawa, kuma tana ganin wasu ƴan taurari suna yawo a bango. Ta faɗa da wasa. Ta ce kar in gaya wa Inna. Na gaya mata. Inna ta ce gobe da safe za su koma.

Litinin, 19 ga Agusta, azahar

Sun je, an ƙara magani, sun dawo. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara sai in yi sauri in duba lambar. Sau huɗu yau. Duka Hashim ne.

Talata, 20 ga Agusta, ban san ƙarfe nawa ba, rana dai ta yi sama

Ina dama fura na ji kofi ya faɗi a ɗaki.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Inna ta ce in riƙe mata kai kar ya bugi ƙarfen gado, na riƙe. Ta ce in juya ta gefe, na juya. Baba ya fita ba hula. Kawu Mani ya kawo motarsa har bakin ƙofa, ya shigo da motar cikin taɓo bai kula ba. Maƙwabta sun fito sun tsaya. Wata ta ce iska ce, a nemo mai turare. Inna ko kallonta ba ta yi ba, ta ce, "Lopital."

An bar ni da gida. Furar tana nan a ƙwarya, ƙuda sun rufe ta. Na wanke zanen gadon. Na share ɗakin sau biyu.

Kwana goma cif.

Talata dai, bayan la'asar

Na nemi wayar in kira Hashim. Ba ta ƙarƙashin matashi, ba ta wurin caji. Sai na tuna Inna ta jefa ta a jakarta da za su fita.

Laraba, 21 ga Agusta, da yamma

Na kai abinci lopital. Dambu da kopto, kwaɗon zogale, na Inna, farar shinkafa da romo ba gishiri na Yaya. Ba a bar ni na shiga ba. Inna ta fito ta karɓa a baranda. Ta ce ta farfaɗo, ana mata ƙarin ruwa, tansiyon ne bai sauka ba tukuna. Likita na son a ja kwanaki ko kaɗan ne saboda "ɗayan". Tun ranar da ta hana ni ɗinki ban ƙara jin Inna ta ambace shi ba sai yau, ko da a haka.

Wayar na hannunta, ta naɗe ta da gefen zane.

Na ce, "Inna, ko in tahi da wayar in sa mata caji?"

"Akwai wuta nan. Mijinta na kira."

Na tsaya. Maganar ta zo har bakina. Wata nas ta wuce da tire, Inna ta bi ta da tambaya, ni kuma na ɗauki kwanonin jiya na taho. A hanya na yi ta shirya yadda zan faɗa gobe. Na shirya shi da kyau har na kusan yarda zan iya.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan azahar

Ban kai ga faɗa ba.

Ina tankaɗe Inna ta shigo. Ba lokacin dawowarta ba ne. Na miƙe gari na zuba daga cinyata, na ɗauka wancan labarin ne ta kawo. Ta aje wayar a kan turmi.

"Mutanen tasha sun kira. Wai Nazifa na da koli."

Na aje rariya.

"Na ce ba mu ba ne. Sai ga saƙon murya. Ban iya abin ga ba, na ba matar da ke jinya kusa da mu ta taɓa man." Ta numfasa. "Ɗaki cike da mata, Zalihatu. Ɗiyata kwance da tiyo a hannu, wata na ta guɗa daga Yamai, wai kayan bebe sun sauka, Allah shi raya."

Ba ta ɗaga murya ba. Inna ba ta kiran cikakken sunana sai an kai maƙura.

"Yaushe?"

"Ran Asabar waccan."

Na ga tana lissafin kwanakin a kanta, irin lissafin da nake yi tun ranar silifas. Na ga inda ta kai.

"Na hana ki zare guda."

"Inna, ba gida zan kawo shi ba, gidan su Ummuhani..."

"Shi tsaya inda yake. Kar ki taɓa shi, kar ki aiki kowa."

Ta ɗauki wayar ta fita. Ba ta sha ko ruwa ba.

Ban tambaya ko Yaya ta ji ba. Ina tsoron amsar.

Juma'a, 23 ga Agusta, la'asar

Na kai abinci. Ta karɓa. Ba ta dube ni ba.

Asabar, 24 ga Agusta, da yamma

Tuwon yau ya yi gudaji. Baba ya ci haka nan, ya wanke hannu, sannan ya ce in zauna. Ban saba zama gabansa ba, na rasa inda zan sa idona, na sa a kan tabarma.

"Uwarki ta hwaɗa man."

Hawaye suka fara.

"Kin yi karatun siyans a lakwal ko? Riga na hau da tansiyo?"

"A'a."

"To. Rai da ajali na hannun Allah, ba su cikin kwali." Ya murza carbi. "Amma kin yi laifi. An hana ki, kin yi, kin ɓoye. Kuma uwarki akwai abin da ta ɗauka shekara ashirin da biyar, ba ki san nauyinshi ba. Kar ki je ki ce za ki yi mata bayani. Ki yi girkinki, ki kai, ki yi shiru."

Na ce to. Ya kunna rediyo, amma na lura ba tasha ya kama ba, shuu kawai take yi, kuma bai gyara ba.

Na yarda da maganar Baba. Da rana na yarda da ita sarai. Sai in na shiga ɗaki na ga gadon ba kowa.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan azahar

Daga lopital ban taho gida kai tsaye ba. Ƙafata ta kai ni tasha. Na ce a raina dubawa ba taɓawa ba ce.

Mai kula da kaya wani dattijo ne, Malam Munkaila, da biro a bayan kunne. Na faɗi sunan a hankali har sai da ya sa na maimaita.

"Ah, ku ne. Kwana uku muna kira, wata hajiya na kashe mana waya. Na ce ko maciji aka aiko muku."

Ya nuna shi. Yana can saman kanta tsakanin buhun albasa da wata tayar babur. Ƙarami ne, bai kai kwalin sukari biyu ba. An naɗe shi da salatif, an rubuta sunan Yaya da baƙin maka, manya-manyan haruffa. Sunanta a jikin kwali, a wurin da ba ta sani ba. Ban ji daɗin ganin haka ba.

"Sa hannu nan ki ɗauka."

"Ba yau ba. Ana iya mai da shi Yamai?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗiyata, lahiya?"

"Mai shi ba ta da lahiya."

Ya mai da biron bayan kunne. Bai ƙara wasa ba. Ya ce ba ya mai da kaya sai da izinin mai suna, amma zai ɗaga shi sama inda ruwa ba ya zuba, ya zauna har ran da aka shirya. Ya ce Allah shi ba ta lafiya. Na ce amin.

Litinin, 26 ga Agusta, da hantsi

Kawu Mani ya biyo ya ɗauki Baba. Na ji su a zaure. Likita ya ce ba za a ƙara jira ba, yau za a yi aiki. Ana neman jini, Hashim ya bayar, Kawu ma za a gwada nasa. Baba ya leƙo ya ce kar in dafa komai na lopital, ba a ci kafin aiki.

Ban san abin da zan yi da hannuna ba in ba girki.

Litinin, azahar

Na ɗauko matashin. Na warware ganyen da Inna ta ce. Na warware furen ma. Yanzu yadi ne fari da ƴan hudoji.

Litinin, la'asar

Ba wanda ya zo. Ummuhani ta leƙo, na ce ina aiki.

Ya Allah, in akwai abin da za a biya, ni na saya. Ba ita ba, ba shi ba.

Litinin, gab da magariba

Kawu ya aiko maƙwabcinmu ya ce an fito da ita, tana barci. Na ce, "Sai me?" Ya ce iyakar abin da aka ce ya faɗa ke nan. Na sake tambaya. Ya ce wallahi bai sani ba.

An fito da ita. Ita. Na juya kalmar nan ta kowane gefe.

Talata, 27 ga Agusta, da hantsi

Baba bai kwana gida ba, Gwaggo ce ta zo ta taya ni, ita ma ba ta san komai ba ko kuma ba ta faɗi. Da asuba ta tafi lopital. Na share tsakar gida, na hura wuta, na ɗora ruwa ban san na mene ne ba.

Rana ta ɗan ɗaga na ji ƙarar ƙofa. Inna ce, ita kaɗai. Zanenta na shekaranjiya ne a jikinta, idonta ya faɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa. Kwana biyar rabon da ta amsa.

Ta wuce randa ta sha ruwa kofi biyu. Ta zauna a kan turmi ta cire takalmi, ta daɗe tana murza ƙafarta. Na tsaya riƙe da tsintsiya. Na kasa tambaya. Na san in na buɗe baki, duk amsar da ta fito ba za ta koma ba.

Ta dubi tukunyar da ke kan wuta.

"Wanga ruwa ya yi kaɗan. Ɗauko babbar tukunya ta ɗaki."

Na ɗauko. Na cika ta. Rabin ruwan a ƙasa ya zube.

"Yayarki ta farka. Ta ce a hwaɗa miki ko a lahira ba ta yafe miyar nan ba."

Dariya ta taso mini tare da kuka, na tsuguna a gindin murhu. Inna ta bar ni sai da na lafa. Ba ta dafa ni ba. Ban sa ran za ta yi ba, kuma na san maganarmu ba ta ƙare ba.

Sannan ta ce, tana kallon wutar, ba ni ba:

"Sa hijabinki ki tahi tasha."

Na ɗago.

"In kin karɓo ki biyo gida ki ɗauki allura da farin zare. Ɗiyar da aka samu ba ta kai damtsena ba. Duk abin da ke cikin kwalin ga sai an rage shi."